GLOW: kokawar matan da aka san mai kaye tun kafin a shiga fili

Da wuya a kunna resilin a gidan kallo a tashi ba a yi gardamar nan ba. Wani zai ce ai duk shiri ne, yara kawai ake yaudara. Wani ya ce in shiri ne, kai ma hau saman igiya ka diro da bayanka mu gani. Kowannensu yana da gaskiyarsa, shi ya sa gardamar ba ta mutuwa. Sakamakon wasan a rubuce yake tun kafin a buɗe ƙofar zaure, amma faɗuwar da ƙashi da tsoka ake yin ta. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: to wa ya rubuta? Wa ya ce wannan za ta ci, waccan kuma a yi mata ihu, kuma aljihun wa kuɗin ke shiga? A kan wannan tambaya aka gina GLOW, shirin barkwanci mai ratsin ban tausayi da kamfanin Netflix ya fara saki ranar 23 ga Yuni, 2017.

Mata biyu ne suka ƙirƙiro shi, Liz Flahive da Carly Mensch, tare da Jenji Kohan a sahun manyan furodusoshi. Ya yi zango 3, kowane zango kashi 10, yawancinsu kimanin rabin awa. Labarin ya fara ne a birnin Los Angeles na Amurka a 1985, inda wani darakta da kasuwarsa ta mutu ya tara matan da ba su taɓa kokawa ba, ya ce zai mayar da su taurarin talabijin. Tun da wuri a sani, ba shiri ba ne da za a kunna a falo yara na zaune. Akwai tsiraici, akwai shan hodar iblis, akwai zubar da ciki da soyayyar jinsi ɗaya. Wanda zai nema ya nema da saninsa. Abin da ya jawo wannan rubutu shi ne abin da shirin ya fallasa game da sana'ar nishaɗi.

Sunan ba ƙage ba ne. An yi GLOW na gaske, wato Gorgeous Ladies of Wrestling, wanda aka nuna a tashoshin Amurka daga 1986 zuwa 1990. Wani saurayi mai tallata kokawa, David McLane, shi ya kawo tunanin. Matt Cimber, daraktan finafinai masu ƙaramin jari, shi ya riƙe ɗaukar hoto, kuɗi kuma daga aljihun attajiri Meshulam Riklis suke fitowa, mai otal da gidan caca na Riviera a Las Vegas, inda aka fara ɗaukar wasannin. Mafi yawan matan da suka amsa kiran 'yan wasan kwaikwayo ne da masu rawa da masu tallan kaya, waɗanda suka je neman aikin talabijin suka tarar da igiya da katifa. Aka ba su horo na ɗan lokaci a hannun Mando Guerrero, ɗan gidan kokawa na Guerrero, aka raba su gida biyu: na kirki da miyagu. Jackie Stallone, mahaifiyar jarumi Sylvester Stallone, ita ce uwar ɗakin na kirki a gaban kyamara. Kowace tana da laƙabi, da kaya masu ƙyalli, da 'yar waƙar gambara da take gabatar da kanta da ita, ana kuma cusa gajerun wasannin barkwanci tsakanin karawa da karawa. A 1990 mai kuɗi ya janye hannunsa, abu ya mutu dare ɗaya, ba ban kwana. Sai a 2012 wani fim na tarihi da Brett Whitcomb ya ba da umarni ya sake haɗa matan wuri guda, kuma wannan fim ɗin Flahive da Mensch suka kalla tunanin shirinsu ya zo musu. Mutanen cikin shirin Netflix ƙirƙirarru ne, amma duk wanda ya san tarihin zai hango inuwar Cimber a jikin darakta Sam Sylvia, da ta McLane a jikin furodusa Bash Howard.

Kafin a gane shirin sai an gane yadda sana'ar take tafiya, kuma a nan ne mai kallo Bahaushe ya fi saurin yi mata gurguwar fahimta, domin ya taso da wata kokawar daban. A gasar takobi ta Nijar, wadda aka fara a Tawa a 1975, ba wanda ya san inda takobi zai kwana sai an yi kaye. Abokin karawarka abokin hamayya ne, burinsa ya ga ka taɓa ƙasa. A resilin kuwa, wanda kake gani yana murɗe wuyan wani shi ne ke tsaron wuyan. Idan aka ɗaga mutum aka maka shi da ƙasa, rabin aikin wanda aka ɗaga ne ya yi: shi ya yi tsalle a daidai lokacin, shi ya dafa, shi ya baza bayansa da hannuwansa don nauyin faɗuwar ya rarrabu, ya kuma dunƙule haɓa don kada ƙeya ta bugu. Sannan ya yi ta murƙususu yana nuna zafin da ya fi wanda ya ji. Sukan yi wa juna raɗa a tsakiyar riƙo, alƙalin wasa ma yakan isar da saƙo cewa lokaci ya kusa. Ke nan duk karawa amana ce tsakanin mutum biyu da aka ce wa duniya maƙiyan juna ne.

Shekaru da yawa 'yan sana'ar sun ɓoye wannan sirri, suna kiran al'adar ɓoyewar kayfabe. Jarumi da bos ba sa shiga mota ɗaya, ba sa cin abinci a teburi ɗaya a bainar jama'a. Matan GLOW na gaske ma haka aka yi musu, na kirki masaukinsu daban, miyagu daban, kuma ana cin tarar wadda ta karya doka. Abin dariya, masu kamfani ne da kansu suka fasa ƙwan. A 1989 kamfanin WWF na Vince McMahon, wanda yanzu ake kira WWE, ya shaida wa majalisar dattawan jihar New Jersey cewa abin da yake yi nishaɗi ne, ba gasar wasanni ba, don ya kuɓuta daga sa idon hukumar wasanni da kuɗaɗen da take karɓa.

A kan wannan amanar ta dole marubutan suka ɗora labarinsu, kuma a ganina nan ne dabararsu mafi kyau. Ruth Wilder, wadda Alison Brie ta fito a matsayinta, 'yar wasan kwaikwayo ce da ta ɗauki kanta da muhimmanci amma ba mai ɗaukar ta aiki. A fitowar farko ta shirin ta je gwaji, ta karanta dogon jawabin shugaban kamfani da dukkan ƙarfinta, sai aka ce mata ai wannan na namiji ne, nata layi ɗaya ne na sakatariya mai sanar da kiran waya. Aminiyarta Debbie Eagan, wadda Betty Gilpin ta taka, ta taɓa zama tauraruwa a wani shiri mai dogon zango, ta bari ta yi aure ta haihu. Sai ga shi Ruth ta ci amanarta da mijinta. Debbie ta biyo ta har wurin atisaye da jariri a hannu, ta hau dandamali ta shara mata mari, suka kaure da faɗa na gaske. Sam Sylvia, wanda Marc Maron ya fito a matsayinsa, yana tsaye yana kallo, bai ga aminci na rushewa ba, kasuwa ya gani. Daga nan Debbie ta zama Liberty Belle, farar Ba'amurkiya uwa ta gari mai kishin ƙasa, Ruth kuma ta zama Zoya the Destroya, muguwar 'yar Tarayyar Sobiyet mai zagin Amurka da karyayyen Turanci.

Dubi abin da wannan ya haifar. Mata biyu da ba sa ga maciji, waɗanda ba za su iya zama su sha shayi tare ba, dole kowace ta miƙa wa ɗaya ƙashin bayanta. Abin da baki ya kasa faɗa, jiki ke faɗa. Debbie da farko raina sana'ar ta yi, sai da ta je kallon wasan maza ta ga yadda jama'a ke bin labarin wanda aka ƙwace wa budurwa da wanda aka ci amana, sannan ta gane ai irin aikin da ta baro ne, kaya kawai aka canza. Ruth kuma, wadda ta ɓata rayuwarta tana roƙon a so ta, ta gano cewa baiwarta tana wurin sa mutane su tsane ta. Wannan ƙa'ida ce ta sana'ar: jarumi ba ya tashi sai da bos. Ihun da ake yi wa Zoya shi ke zama tafin da ake yi wa Liberty Belle. A zango na 2 amanar ta karye. Debbie ta shiga wasa da hodar iblis a kanta da takaicin sakin aure a ranta, ta riƙe ƙafar Ruth ta murɗa har idon sawu ya karye. Rigimar da suka yi a ɗakin asibiti bayan haka, inda kowace ta amayar da abin da ta daɗe tana haɗiyewa, tana cikin fitowa mafi ƙarfi a duk shirin, kuma ba ko dariya ɗaya a cikinta.

Inda al'amarin ya fi sarƙaƙiya shi ne rabon laƙabi. Sam da Bash, wanda Chris Lowell ya taka, ɗan masu kuɗi da ke wasa da dukiyar uwarsa, suka bi matan ɗaya bayan ɗaya suna kallon fata da fuska suna yanke hukunci. Arthie, 'yar asalin Indiya mai karatun likita, aka ce ta zama Balarabiya 'yar ta'adda mai suna Beirut the Mad Bomber. Jenny, wadda iyayenta suka tsero daga Kambodiya, aka mayar da ita 'yar Sin mai takobi, Fortune Cookie. Carmen aka kira ta Machu Picchu, aka jingina ta da ƙasar Peru. Tammé, baƙar fata mai aiki tuƙuru don ɗanta ya yi karatu, aka ba ta Welfare Queen, wato malalaciyar da ke cin kuɗin tallafin gwamnati tana wa masu biyan haraji dariya. Wannan laƙabin daga siyasa ya fito. Ronald Reagan, wanda ke mulkin Amurka a lokacin da labarin ke faruwa, shi ya yayata labarin wata mata a Chicago mai damfarar tallafi tun a yaƙin neman zaɓensa na 1976, hoton ya manne wa matan baƙaƙen fata matalauta baki ɗaya.

Marubutan ba su ƙara gishiri ba. Haka sana'ar take. A GLOW na gaske akwai Colonel Ninotchka ta Rasha, akwai Palestina, akwai Americana. Emily Dole, wadda ta fi kowa farin jini da sunan Mountain Fiji, asalinta Samoa ne. A ɓangaren maza, Nikolai Volkoff da ke rera taken Sobiyet yana tunzura 'yan kallo a Yugoslabiya aka haife shi. Kamala, wanda aka riƙa tallatawa a matsayin ƙaton dajin Yuganda, ana shafa masa fenti a ciki yana buga tumbi ba ya magana, sunansa James Harris, ɗan jihar Mississippi. Kofi Kingston haifaffen Kumasi ne a Ghana, amma WWE ta fara gabatar da shi a matsayin ɗan Jamaika har da karin harshe, sai a 2009 aka mayar masa da ƙasarsa. Ko a 2021, Apollo Crews, wanda aka haifa a Amurka mahaifinsa ɗan Binuwai, da zai koma bos sai ya ɗauko karin Turancin Najeriya da mashi. Dalilin bai da wuyar ganewa. Mai tsara wasa yana da 'yan daƙiƙoƙi ne kawai ya sa dubban mutane su so wani su ƙi wani, kuma hanya mafi arha ita ce ya taɓo tsoro ko rainin da suka zo da shi daga gida.

Hujjar Sam a cikin shirin ita ce wai suna yi wa wariyar ba'a ne, mai hankali zai gane. GLOW bai ƙaryata shi kai tsaye ba, sai ya nuna wanda ke biyan kuɗin wannan ba'a. A 1985 ne aka yi fashin jirgin saman TWA mai lamba 847 aka kai shi Beirut, ana ta nuna abin a talabijin. A cikin wannan yanayi Arthie ta fito wasanta na farko na talabijin, sai wasu 'yan kallo suka fara zaginta zagi na gaske, suna tofa yawu suna jifa da gwangwanin giya. Ba su ga wata ba'a ba, maƙiyiya suka gani. Na Tammé ya fi ciwo. A kashi na 4 na zango na 2, ɗanta da ke karatu a jami'ar Stanford ya nace sai ya zo ya ga aikin da uwarsa ke yi. Ya zauna cikin fararen fata suna yi mata waƙar ta je ta nemi aiki, ita kuma tana kan dandamali ta san yana kallo. Wadda ta taka wannan rawa, Kia Stevens, 'yar kokawa ce ta gaske da ta yi suna a Japan da kamfanin TNA da laƙabin Kong, ta kuma shiga WWE da sunan Kharma. Fuskar da ta nuna a wannan daren ta wadda ta san abin daga ciki ce.

Duk da haka shirin bai mayar da matan abin tausayi kawai ba, kuma nan ne ya fi wa'azi wayo. Tammé tana son aikin. Ita ke da kambu, ita ake yi wa 'yar tsana, karo na farko a rayuwarta mutane sun san sunanta. Ta ya za ka ce mata ta bari? Laƙabin da ke ƙasƙantar da ita shi ne kuma ya buɗe mata ƙofar da ba wanda ya taɓa buɗe mata. GLOW ya bar wannan ƙulli a ɗaure, kuma daidai ya yi, domin a rayuwa ma ba a kwance shi ba.

To, wa ke riƙe da alƙalami? A ƙarshen zango na 1 Ruth da Debbie sun sha wahala sun tsara karawarsu, Liberty Belle ta ci kambu, zaure ya ɗauki sowa. Nan take Sam ya turo Welfare Queen ta ƙwace kambun, ba tare da ya gaya wa ko ɗayansu ba, saboda ya san ɗan kallo ya fi dawowa idan jarumarsa tana bin haƙƙinta. Shawara ce mai kyau ta fuskar kasuwa, amma ta nuna wa kowa matsayinsa. Farkon zango na 2 Ruth ta ɗauki kyamara ta haɗa hoton buɗe shiri ba da izininsa ba, abin ya yi kyau, shi kuwa ya fusata har ya kori wadda ta tsaya mata. Debbie ta yi wayo ta sa aka rubuta mata muƙamin furodusa a kwantiraginta, sai ta tarar maza suna yanke shawara a inda ba a gayyace ta ba. Sai babbar: shugaban tashar talabijin da ke nuna wasansu, Tom Grant, ya gayyaci Ruth cin abinci don a tattauna makomarta, ta je ta ga ɗakin otal ne. Ta sulale ta gudu. Ba a jima ba aka mayar da shirinsu na kokawa ƙarfe 2 na dare, lokacin da ba mai kallo. Da ta gaya wa Debbie, maimakon jaje sai faɗa: me ya sa ba ki yi masa dabara kin bar shi yana sa rai ba, ga shi kin jawo wa mata duka asara? An saki wannan kashi a 2018, watanni bayan tonon asirin Harvey Weinstein, babban furodusan finafinan Amurka da mata da dama suka zarga da cin zarafinsu ta hanyar lalata, kuma abin da ya sa ya yi nauyi shi ne ba a bakin namiji aka sa wannan magana ba. An sa ta a bakin macen da ta daɗe a masana'antar har ta ɗauki zalunci a matsayin ƙa'idar aiki.

Daga ƙarshe da tashar ta soke shirin kokawar matan, wasu tashoshi suka nuna sha'awa, sai aka fito da takarda: laƙuban duka mallakar tashar ne. Zoya da Ruth ta ƙirƙira da kanta, da muryarta da tafiyarta, ba tata ba ce. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, sun sa hannu tun ranar da ba su da zaɓi. Wannan ne ya kora su Las Vegas yin wasa a gaban 'yan caca kowane dare.

Wanda ke ganin an yi zuzutawa ya duba abin da ya faru da Wendi Richter a shekarar da labarin ke faruwa. Ita ce tauraruwar mata ta WWF, mawaƙiya Cyndi Lauper na rakiyarta, ta ci kambu a WrestleMania na farko, wato babban taron shekara-shekara na kamfanin, ranar 31 ga Maris, 1985. Saɓani ya shiga tsakaninta da kamfani kan kuɗi da kwantiragi. Ranar 25 ga Nuwamba na wannan shekara, a zauren Madison Square Garden, aka haɗa ta da wata mai rufe fuska, alƙalin wasa ya yi saurin ƙirga uku alhali ta ɗaga kafaɗa. Da aka cire abin rufe fuskar sai ga Fabulous Moolah, tsohuwar da ta daɗe tana juya harkar kokawar mata a Amurka. Richter ta bar kamfanin a daren.

Sai batun jiki, wanda ba ya cikin rubutu. 'Yan wasan Netflix sun yi makonni suna atisaye kafin kowane zango a hannun Chavo Guerrero Jr., wanda Mando baffansa ne, wato gida ɗaya ya horar da na gaske da na kwaikwayo. Su suka yi mafi yawan faɗuwar da kansu. Shauna Duggins, mai tsara fitowar kasada a shirin, ta ci Emmy, babbar kyautar shirye-shiryen talabijin ta Amurka, a 2018, mace ta farko da ta ci a wannan rukuni, ta sake ci a 2019. A zango na 3 an nuna bayan Tammé yana lalacewa a hankali, tana haɗiyar ƙwayoyi da giya tana ɓoyewa don kada a cire ta. A fim ɗin 2012 kuwa an ga Emily Dole, wadda a da take ɗaga mata sama kamar ba komai, tana kwance a gidan jinya ƙafafu sun ƙi. Ta rasu a Janairun 2018. Cikin duk matan GLOW na asali, wadda ta yi nisa sosai a sana'ar ita ce Lisa Moretti, Tina Ferrari a wancan lokaci, wadda ta zama Ivory a WWF.

Zango na 3 shi ne mafi rauni a wurina, ko da yake ya buɗe da ƙarfi: Ruth cikin kayan Zoya tana yi wa kumbon Amurka mai suna Challenger ba'a kai tsaye a talabijin ranar 28 ga Janairu, 1986, kumbon ya tarwatse a bayanta da mutum 7 a ciki. Bayan nan kokawa ta yi ƙaranci. Da yake wasa ɗaya suke maimaitawa kullum, marubutan suka juya ga aure da soyayya da neman kai, labarai suka yi yawa, wasu aka taɓa aka saki. Shigowar Geena Davis a matsayin mai kula da nishaɗin otal ta ƙara armashi, amma ba ta ɗaure bakin zaren ba. Abin da ya tsaya daram shi ne tafiyar Debbie. Ta gaji da roƙon kujera, ta zagaye attajirin saurayinta ta haɗa baki da Bash suka sayi tashar talabijin da yake shirin saye. Ta koyi wasan maza ta yi musu shi. Ta tari Ruth a filin jirgi ta ce ta zo ta zama darakta, ta daina wahalar gwajin da ba ya ƙarewa. Ruth ta ƙi, domin ta ga cewa ko a hannun aminiya, wani ne dai zai sake rubuta mata rawar da za ta taka.

Lokacin da shirin ke tashe, sana'ar gaske ma tana sauyawa. A 2015 magoya baya suka yi ca a intanet bayan wani wasan mata a WWE da bai wuce rabin minti ba. A 2016 kamfanin ya jefar da kambun mata da ake kira na Divas, a Oktoban 2018 ya yi babban taro na mata zalla, sannan a Afrilun 2019 Becky Lynch da Ronda Rousey da Charlotte Flair suka zama matan farko da suka yi babbar karawar da ke rufe WrestleMania. Ba GLOW ne ya jawo wannan ba, ya dai zo a kan gaɓa, ya kuma tuna wa mutane da matan da aka manta. McLane ma bai bar harkar ba, yana nan da kamfaninsa na kokawar mata, WOW, tare da Jeanie Buss ta ƙungiyar ƙwallon kwando ta Lakers.

A Satumban 2019 Netflix ya amince da zango na 4 a matsayin na ƙarshe. An gama kashi ɗaya, an shiga na biyu, korona ta tsayar da aiki a Maris na 2020. A Oktoba kamfanin ya janye alƙawarin, da hujjar cewa shiri mai tarin 'yan wasa da ke cakumar juna suna numfashi a fuskar juna yana da wuyar ɗauka da tsada a lokacin annoba. Hujjar tana da kan gado, amma sakamakon ɗaya ne da na 1990: mai kuɗi ya rufe littafi ana tsakiyar labari. Betty Gilpin ta shiga takarar Emmy sau 3 a jere saboda wannan rawa, shirin kansa ya shiga takarar gwarzon shirin barkwanci a 2018, duk bai hana ba.

Ba da jimawa ba bayan sokewar, Sunita Mani, wadda ta fito a Arthie, ta wallafa wata wasiƙa a Instagram. Ita da 'yan wasa 5, Kia Stevens da Sydelle Noel da Britney Young da Ellen Wong da Shakira Barrera, sun aika wa furodusoshi da Netflix ita tun a tsakiyar 2020. Ƙorafinsu shi ne shirin da ke tallata kansa da sukar wariya ya bar su a gefe, labaransu ba su da zurfi, ana ɗauko su ne idan ana son a nuna zafin wariya sannan a koma kan fararen jarumai, kuma ɗakin marubutan zangon da ake shiryawa babu ko mutum ɗaya da ba farar fata ba. Laifi tudu ne. Duk wanda ya ƙirga mintunan da aka ba Ruth da Debbie ya kwatanta da na Jenny ko Arthie zai ga ba sharri suka yi ba. Mani ta ce an saurare su, an zauna da su, an kuma amince za a yi gyara a zango na 4, zangon da aka soke kafin a ga ko alƙawarin zai cika. Kashi ɗayan da aka gama ɗauka ma Netflix bai sake shi ba.